Jirgin da Muka Shanya

Yayana ya yi aikin soja har ya yi ritaya, amma bai taɓa harba bindiga ba sai a fagen horo. Makaniki ne. Aikinsa kula da wani babban jirgin sama na ɗaukar kaya da sojoji, mai inji huɗu da farfela, irin wanda ake buɗe wa ƙofa ta baya mota ta shige cikinsa. Da ya bar aiki sai ya koma ƙauyenmu, kusa da Kanan-Bakashe, ya kama noma kamar kowa. Mutanen gari suna kiransa Ajidan, muƙamin da ya fita da shi ke nan. Ni Yaya nake ce masa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko.

Ni a Tasawa nake zaune, ina karanta labarai da sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyo. A shekarar da nake ba da labarinta, ni na raka shi asibiti a Maraɗi. Likita ya duba shi, ya ce hawan jinin ido ne, kuma an zo a makare. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama yana gani, amma ganin yana tsukewa daga gefe zuwa tsakiya. Maganin ɗigawa zai rage saurin abin, ba zai mayar da abin da ya tafi ba. Na tambayi likita ko wata nawa suka rage. Ya ce ba ya faɗin abin da bai sani ba. A mota muna komowa Yaya ya dunƙule hannu, ya bar ƴar kafa a tsakiya, ya kanga a idonsa, ya ce da ni, "Ka ga yadda nake ganin duniya yanzu."

Asabar ɗin da ta biyo na hau babur na je duba shi. Ina shiga gida matarsa ta tare ni. Tsakanina da ita akwai wasan nan na mace da ƙanin mijinta, kuma ba ta taɓa raga mini ba.

"Yauwa, ga ɗan rediyo. Zo ka jawo akwatin ga na ƙarƙashin gado, in dai hannunka ya iya ɗaukar abin da ya fi takarda."

"Uwargida, ko ruwa ba za a ba baƙo ba?"

"Baƙo ke shan ruwa. Kai ka san inda randa take."

Akwatin ƙarfe ne na soja. Can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin kaki, akwai wani kwali mai faɗi da zanen jirgi a bayansa. Abokan aikin Yaya ne suka ba shi ranar da suka yi masa ban kwana. Bai taɓa buɗe shi ba, don a ganinsa kayan wasa ne. Na buɗe. Ƴan gutsattsarin roba ne masu launin toka, fiye da ɗari, kowanne manne da wani firam, kowanne da lambarsa. Ga takardar bayani mai zane, ga wata takarda mai tambura, ga bututun gam da ya daskare kamar dutse. An rubuta cewa idan an haɗa, zai zama kashi ɗaya cikin saba'in da biyu na jirgin gaske.

"Ba a barinmu mu ɗauki hoto a wurin aiki," in ji Yaya. "Ko ɗaya ba ni da shi. Hannuna yana rawa, idona kuma ka ji abin da aka ce. Ka haɗa mini shi, ka yi mai fenti irin namu. So nake in ga jirgina gaba ɗaya, tun ina gani."

Ban taɓa haɗa ko kujera ba. Na ce masa zan yi.

Muka tsara aiki. Kowace Asabar in taso daga Tasawa da sassafe, mu zauna a rumfar tsakar gida har azahar, bayan la'asar mu ɗora, in kwana, Lahadi in koma. Kayan aikin duk na gida ne. Reza sabuwa don yanke gutsattsarin daga firam. Matsefata, wadda makiyaya ke cire ƙaya da ita, don kama ƙananan. Takardar goge katako mai laushi daga wurin kafinta. Gam mai kamawa nan take, wanda ake sayarwa a kowane tebur.

Ni ke karanta lamba, ni ke yanka, amma kafin in manna komai sai na sa wa Yaya a tafin hannu. Yakan juya abin da yatsu, wani lokaci bai ko kai shi ido ba, ya faɗi sunansa da Faransanci, sannan ya gaya mini aikinsa da Hausa. Wannan ƙofar tayoyi ce. Wannan inda ake zuba mai ne. Wannan ƙaramin, kamar tsinken sakace, shi ke auna gudun iska, in ƙwaro ya toshe shi jirgi ba ya tashi. Sau biyu ya ce takardar bayani ta yi kuskure. Sau ɗaya shi ke da gaskiya.

A cikin kayan akwai ƴan mutane uku, kowanne bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, a zaune, da hular kwano. Matar Yaya ta leƙo ta gan su.

"A'a, ƴan tsana kuma? Ba dai a ɗakina ba."

"Aje su gefe," in ji Yaya. "Ni a ƙasa na san jirgi. In matuƙi ya shiga, nawa aikin ya ƙare."

Saboda haka muka bar kujerun babu kowa, muka sauke tayoyi, muka bar ƙofar baya a buɗe. Kafin in rufe gangar jikin ya sa na manna noti biyu na babur a cikin hancin. Ya ce in ba haka ba zai zauna a kan wutsiya. Na duba takarda, ashe an rubuta haka a wani lungu da ƙananan haruffa.

Na yi kurakurai, kuma na koyi gwada komai a kan firam ɗin da aka cire kaya daga ciki kafin in taɓa jirgin. Gam mai kamawa nan take ya sa wata ƴar taga ta yi fari fat kamar an hura mata hayaƙi. Daga nan na koma farin gam na kafinta wajen manna gilasai. Ba ya sauri, amma yana bushewa garau. Asabar biyar muka yi kafin jirgin ya tsaya da ƙafafunsa. Faɗin fukafukansa ya fi kamu ɗaya. Yaya ya bi shi da hannu daga hanci zuwa wutsiya, ya ce, "Sauran riga."

Fenti na saya a kasuwar Tasawa, ƙananan gwangwanaye na fentin ƙofa: fari, baƙi, ja, rawaya da kore. Launi uku ake bukata a sama, ɗaya a ƙarƙashin cikinsa. Nakan haɗa a bayan farantin tangaran, in kai masa kusa da ido. Shi kuma ba ya ce mini ƙara ja ko rage baƙi. Sai ya ce, "Wanga ya yi kama da ƙasar fadama. Ta jigawa nake so, kafin ruwa." Ko ya ce koren ya cika ɗanye, a yi shi kamar ganyen dogonyaro da ya kwana biyu da tsinkewa. Wuni guda muka yi a kan launuka.

Fentin ƙofa yana da kauri, dole a tsinka shi. Masu fenti a wajenmu da isansi suke tsinkawa. Na ɗiba a tankin babur na gwada a firam, nan da nan robar ta yi laushi ta tattare. Na gwada kananzir, bai ci robar ba. Na ji daɗi, na shafa wa jirgin launin ƙasa gaba ɗaya, shafi mai kauri don ya rufe tokar da kyau, na ajiye shi a ɗaki a kan akwati, na koma Tasawa.

Da na dawo bayan mako guda, fentin yana nan danƙo. Na taɓa ƙarƙashin fiffike, yatsana ya bar shaida. Wannan ya dami Yaya fiye da yadda na zata, don hannu shi ne idonsa na biyu, ga shi an hana shi taɓawa. A ranar ce kuma na ga ya yi tuntuɓe da buta, tana gab da ƙafarsa bai gan ta ba. Wata guda kafin nan da ya gan ta. Na koma ban yi aikin komai ba.

Ranar Laraba da safe, saura minti uku in shiga karanta labarai, salulata ta yi ƙara. Yaya ne.

"Fentin ga har yanzu bai bushe ba."

"Sai haƙuri, Yaya. A ƙara mai kwana biyu."

"Kwana biyun wa? Zan sa a kai shi rana."

"Rana ba za ta yi mai illa ba?"

"Kai, mi ka sani? Jirgi a rana yake wuni. Shekara nawa ina ƙona hannu a jikinsa?"

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini yatsa ta bayan gilashi. Na ce, "To," na kashe waya.

Na sha tuna wannan "to" ɗin. Ba zan ce sauri ne kaɗai ya jawo shi ba. A wurinmu duk abin da ke da danshi rana ake kai wa: kuɓewa, barkono, tumatir, nama, fata, tubali, wanki, har littafin da ruwa ya jiƙa. Ban taɓa ganin abin da aka shanya ya lalace ba, sai dai wanda aka ƙi shanyawa. Yaya yana tunanin jirgin ƙarfe, ni ina tunanin labarai, matarsa kuma ta yi abin da ta iya tun tana yarinya. Ta ɗora jirgin a tiren ƙarfe, ta hau turmi, ta ajiye shi a kan kwanon rumfa kusa da shanyar barkono, inda awaki ba sa kaiwa. Tsakiyar bazara ce. Ta tafi gidan suna da hantsi, ba ta dawo ba sai bayan la'asar.

Ba su kira ni ba. Ranar Asabar na shiga gida, ta ce mini sannu da zuwa, ta kawo ruwa da hannu biyu. Nan na san akwai magana. Jirgin yana kan tabarma an rufe shi da zane. Na ɗaga.

Fukafukan biyu sun sauko har bakinsu yana taɓa ƙasa, kamar kaza ta rufe ƴaƴanta. Nauyin injunan ne ya ja su da robar ta yi laushi. Wutsiya ta karkata. Farfela biyu sun lanƙwashe, tayoyin sun baje. Na daɗe a tsugune.

"Fenti dai ya bushe," in ji ta, a hankali.

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, ita ma ta yi, sannan ta juya ta share ido da bakin zane. Yaya bai yi dariya ba.

"Ku bar ɗora wa juna," ya ce. "Ni na ce a kai. Na manta roba ce."

A makon nan na nemi wani sabo. Na tambaya a Maraɗi, na buga waya Yamai. Wanda ya fahimci abin da nake nufi ma ɗaya ne, ya ce sai dai a yi saƙo daga waje, wata uku ko huɗu, in an dace da mai zuwa. Ban san ko Yaya yana da wata huɗu ba. Na yanke cewa wannan ɗin za a gyara.

Tunanina bai wuce wannan ba: zafi ne ya lanƙwasa shi, zafi zai iya mayar da shi, in an san iyakar zafin. Wuta ba za ta yi ba, rana kuma ba a juya ta. Saura ruwan zafi. Da na gaya wa Yaya, sai ya ce zafi ba shi ne wuyar ba. Wuyar ita ce sanin inda daidai yake. In ba ka da abin da za ka auna da shi, za ka miƙe fiffike ka wuce, ka dawo ka wuce, har ya karye. Ya kwatanta mini irin gadon da suke ɗora fiffike a kai a wurin aiki. Na kai wa kafinta bayanin, ya yi mini allo mai faɗi, da gurbi a tsakiya inda gangar jiki za ta kwanta a kife, da ƴan katako biyu masu tsayi ɗaya a gefe da gefe. Na kafa ƙusa biyu na ja zare tsakaninsu. Zaren nan shi ne daidai.

Ruwa muka bar wa matar Yaya. Na gwada tafasasshe a kan firam, ya tattare nan take. Mai ɗumi bai yi komai ba. Ita ce ta ce a gwada lokacin da tukunya ta fara kuka, ƙananan kumfa kamar ƙwayar gero suna taruwa a gindi amma ba su fara tasowa ba. A wannan zafin firam ya yi laushi ya lanƙwasu, bai tattare ba. Muka gwada sau shida don mu tabbata. Ta zuba a butar shayi saboda bakinta siriri ne.

Ƙidaya kuma tawa ce. Aikin rediyo bai koya mini abubuwa da yawa ba, amma ya koya mini tsawon daƙiƙa. Ina iya cika daƙiƙa ashirin da magana ba tare da na kalli agogo ba, in tsaya daidai. A kan firam mun gano cewa sha biyu sun isa, sha takwas sun yi yawa.

Muka kife jirgin a gadonsa. Ita tana zuba ruwa a gindin fiffiken dama, ni ina ƙidaya da ƙarfi, Yaya ya sa yatsa ɗaya a kan zare ɗaya a bakin fiffike. Ina kai sha biyu na danna da ludayin katako da aka naɗe da tsumma.

"Ƙara," in ji Yaya. "Ƙara. Tsaya nan. Ruwan sanyi!"

Ta kwara ruwan randa. Na ɗaga hannu, fiffiken ya koma rabin inda ya fito. Muka sake. A karo na huɗu ya zauna a kan zare bai motsa ba.

"Ka gani, ɗan rediyo? Ashe kana da amfani."

"Ke dai riƙe buta, uwargida, kada ki dafa ni."

"In na dafa ka wa zai ci? Ƙashi ne zalla."

Na hagu ya fi ba mu wuya, don ba saukowa kaɗai ya yi ba, har da murɗewa. A karo na uku na danna fiye da kima. Na ji ƙas. Haɗin sama da ƙasa na fiffiken ya tsage tsawon yatsa, inji ɗaya ya faɗo a tabarma. Na ajiye ludayin.

"Mi ya karye?" in ji Yaya.

Na gaya masa.

"Haɗi ne ya buɗe ko jiki ne ya tsage?"

"Haɗi ne."

"To abin da aka manna ne ya saki. A sake mannawa. Ɗauko injin kada a taka."

Na cike tsagar da gam da garin alli, na goge har ta ɓace. Wutsiya ta miƙe a karo ɗaya. Farfela ɗaya ta gyaru, ɗayar kuwa reshenta guda ya karye, sai na fere wani daga murfin bokiti, na yi ta gogewa ina gwada shi da ƴan uwansa har Yaya ya kasa bambance su da yatsa. Tayoyin na cire na sake kafawa da guntun waya a ciki.

Ruwan zafin ya tattare fentin, dole a kankare shi duka. Wannan ya ci Asabar biyu. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, kuma ranar da ruwa ya sauka ba a maganar komai sai shuka. Na yi Asabar da Lahadi a gonar Yaya ina bin masu sara ina jefa iri ina rufewa da ƙafa. Da na lissafa, shanyar nan ta ci mana mako biyar. Yaya ya daina fita masallaci shi kaɗai, sai maƙwabci ya biyo masa. Na so in tafi da jirgin Tasawa in riƙa yi kullum, ya ce ba za a ɗora shi a babur a wannan hanyar ba. Sai na roƙi abokin aikina muka yi musayar ranaku, na ƙara Laraba a kan Asabar. Wata Larabar ruwa ya cike wani kwari a hanya, na tura babur cikin taɓo har gwiwa, na isa azahar ta wuce. Na yi aikin awa biyu na juyo.

Maganin fentin a wurin wani mai rubuta allunan shaguna na same shi. Na ba shi labari, ya yi dariya har ya ajiye burushi. Ya ce kananzir ba ya barin fenti ya bushe, kuma shafi mai kauri sama yake bushewa ya rufe na ƙasa. Ya zuba mini wani ruwan tsinka fenti mai kama da ruwan sha a ƴar kwalba, ya ce in tsinka sosai, in shafa siriri kamar ba a shafa ba, in bari ya kwana, in ƙara, har sau uku. Na gwada a firam, bai ci ba. Muka riƙa ajiye jirgin a ɗaki cikin gidan sauro saboda ƙudaje. Kowane shafi kwana ɗaya ya ishe shi.

Da aka zo zanen launi uku sai hannuna ya gaza. Iyakar kore da ƙasa-ƙasa ya kamata ta fita tsaf, tana lanƙwasa kamar hanyar ruwa. Tawa ta fito kamar kaza ta bi ta kai. Na goge na sake, na goge na sake. Matar Yaya tana gefe tana tsince wake, tana kallo.

"Ba ni nan," ta ce. "Kai ko ƙunshi ba ka taɓa gani ana yi ba?"

Ta shiga ɗaki ta fito da baƙin salatif ɗin da mata ke yin zanen lalle da shi. Ta manna shi a bayan tire, ta ɗauki reza, ta yanka shi yana lanƙwasa yadda Yaya ya kwatanta. Kafin ta ɗora a jirgin sai ta fara manna shi a zanenta ta ɗaye sau biyu, don ƙarfinsa ya ragu kada ya ɗauko fentin ƙasa. Ta bi fiffike da gangar jiki tana dannawa da farce. Na shafa kore a tsakani. Ta ce kada a bari ya bushe sarai, a ɗaye yana da sauran laushi. Da ta ɗaye, layin ya fito kamar da shi aka ƙera jirgin. Haka ta yi wa gilashin gaba, da ƴan siraran yanka da ba su kai faɗin tsinken tsintsiya ba.

Tamburan da suka zo a kwali na wata ƙasa ne, kuma da na jiƙa ɗaya don gwaji sai ya wargaje a ruwa saboda tsufa. Namu muke so: kore a waje, fari a tsakiya, ruwan goro a ciki. Ta nemo murfin kwalbar magani, da gindin ƙaramin batir, da murfin biro, ta zagaye su da reza a kan salatif. Da'ira uku, a wuri shida. Wannan kaɗai ya ci Laraba da Asabar. Ƙarƙashin cikinsa na shafa masa toka mai haske, farfela baƙi da rawaya a baki. A bayan kowane inji Yaya ya sa na goga ɗan baƙin tukunya da auduga, ya ce jirgin da ke aiki ba ya rasa hayaƙi a nan.

Mun gama wata Asabar, gero ya kai gwiwa. Na bar shi ya kwana. Lahadi da hantsi, lokacin da haske ya fi yi wa Yaya daɗi, na fito da shi na sa masa a hannu. Ya kai shi kusa da fuska. Ya bi hanci, ya bi inji ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a tambari, ya leƙa ƙofar baya. Ya daɗe. Sannan ya sauke shi a cinya.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Na ga inji. Na ga ƙofa. Na ga taya. Ban ga jirgi ba."

Kafar da ta rage masa ta yi ƙanƙanta, ba ta ɗaukar abu mai faɗin kamu guda a kusa. Gutsure-gutsure yake gani, kamar yadda muka fito da shi daga kwali. Matarsa ta dube ni. Na tsaya ina tunani. Wanda ke leƙe ta ƙaramar kafa ba ya ganin mutumin da ke gabansa sai maɓallin rigarsa, amma yana ganin wanda ke bakin ƙofa tun daga kai har ƙafa. Nisa ake bukata. Sai dai in nisan ya yi yawa, hazon idon zai cinye shi.

Na ce ta shanya farin zane a igiya ta bayana. Na karɓi jirgin, na ɗora shi a tafukan hannuna daidai ƙirji, gefensa yana fuskantar Yaya, na fara ja da baya taki ɗaya ɗaya.

"Kana ganina, Yaya?"

"Ina ganin tsakiya. Ja."

Na ja.

"Ga wutsiya ta shigo. Babu hanci. Ja."

Taki na biyar, na shida. A na bakwai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ɗaga kaɗan. Kada ka motsa."

Na tsaya. Ya sa hannu ya kare idon daga haske, ya tura kai gaba. Na ga leɓensa yana motsi, ina jin injunan yake ƙirgawa. Can ya ce in juyo da hancin wajensa, a hankali. Na juyo.

"Fiffiken hagu ya ɗan sauka," ya ce.

Gaskiya ne. Na auna shi tun a kan zare, milimita uku ne, na yi shiru da bakina don na ɗauka babu mai lura.

"In sake mai ruwan zafi?"

"Kul. Da na gaske ne da ban sa hannu ya tashi ba. Wanga bar shi haka. Mai da shi gefe, yadda yake ɗazu."

Na mayar. Matarsa ta zo ta tsaya a bayansa, ta sunkuya daidai kafaɗarsa don ta ga abin da yake gani. Jirgin ba shi da nauyi, amma riƙe abu a ƙirji ba motsi yana da tasa wahalar. Damatsana suka fara zafi, sannan suka fara rawa. Na matse gwiwar hannu a haƙarƙari, na daidaita numfashi yadda nake yi a gaban makirufo.

"Ka gaji?" in ji shi.

"A'a, Yaya."

"To riƙe."

Na riƙe har sai da shi da kansa ya sauke hannu daga goshi ya ce ya gani.